Digirin digirgir a kan ɗigon ruwa: injiniyanci ne ko wasa?

Autar Gida:
Assalamu alaikum, manya da ƙanana. Shawara nake nema. Na gama digiri na biyu a injiniyancin kanikanci, wani malami kuma ya yi mini tayin digirin digirgir a ɗakin bincikensa. Aikinsu shi ne shafen da ake yi wa saman ƙarfe da gilashi, da yadda ɗigon ruwa ke zama a kai: ya baje ne, ya dunƙule, ya gangara ko ya yi tsalle. Abin ya ja hankalina, amma duk wanda na gaya wa sai ya yi murmushi. Waɗanda suka san fagen, ku gaya mini tsakani da Allah: injiniyanci ne na gaske? Mutum zai iya gina rayuwarsa ta jami'a a kai, ko yayi ne da zai wuce?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ma'aikacin masana'anta ne, ba malamin jami'a ba, ki ɗauki maganata a haka. Shekara da shekaru muna ganin bidiyon nan, a zuba ruwan laka a kan ƙarfe ya gangare tas bai bar ko tabo ba. Sai ka samo irin feshin ka fesa, ranar farko ya yi aiki har ka kira mutane su zo kallo. Ka sa babban yatsa ka murza wurin, ka sake zuba ruwa, ya kwanta male-male. Har gobe abin da muke kare ƙarfe da shi daga tsatsa shi ne tsoma shi a narkakken zinki da kuma fentin ifoksi. Ki yi wa malamin tambaya ɗaya tak: cikin shafen da ya ƙirƙiro, nawa ne suka bar ɗakin bincike suka shiga masana'anta? Amsarsa za ta ishe ki.

Ɗan Lab:
Haba Yaya, ko gaisawa ba a gama ba ka zaro sanda. Bari in gaya mata abin da ake yi tukuna, ni a fagen nake.

Ƙanwata, komai yana farawa ne daga kusurwa ɗaya. Ki ɗiga ruwa a kan abu, ki durƙusa ki kalle shi ta gefe. Inda gefen ɗigon ya haɗu da saman abin akwai kusurwa. A gilashi mai tsabta kusurwar ƙarama ce ƙwarai, ruwan bajewa yake yi. A kan Teflon, shafen nan da ke hana abinci kama tukunya, tana kusan digiri 110, ɗigon ya tattare jikinsa. In ta haura 150, kuma ɗigon ya mirgine da zarar an karkata abin ƙasa da digiri 10, to an shiga rukunin da Yaya ke gani a bidiyo. Thomas Young ne ya bayyana abin da ke yanke wannan kusurwa tun 1805: ja-in-ja ne tsakanin ruwa da iska da abin da ruwan ke kai. Da wannan kusurwar ake sanin ko fenti zai kama, ko gam zai riƙe, ko tawadar na'urar buga takardu za ta tsaya inda ta sauka, ko maganin feshi zai zauna a ganye ko ya yi tsalle ya faɗi ƙasa a banza. In wannan ba injiniyanci ba ne, ban san mene ne ba.

Na Gefe:
Wato shekara 200 da ɗoriya kuna kallon ɗigo ɗaya ba ku gama ba? Allah ya ba ku lada.

Baba Farfesa:
Na Gefe, ba mu gama ba, kuma akwai dalili.

Autar Gida, 'yata, kada ki yi watsi da maganar Mai Sifana don ta yi kaifi. Yatsan nan nasa ya taɓa ainihin ciwon fagen. Lissafin Young na abu ne mai sulɓi, wanda ba shi da ko ƙwarzane, irin da babu shi a duniya. Kuma ko da kin samu abu mai sulɓi kin shafa masa sinadarin da ya fi kowanne ƙin ruwa, kusurwar ba za ta wuce kusan digiri 120 ba. Nan ne iyakar sinadari. Daga 120 zuwa 150 da sama, aikin kaushi ne. Wenzel ya nuna a 1936 cewa kaushi yana ƙara wa abu halin da yake da shi, mai son ruwa ya ƙara so, mai ƙi ya ƙara ƙi. A 1944 Cassie da Baxter, waɗanda ke binciken ulu da yadi a Ingila, suka nuna wani yanayin dabam: ruwan ba ya shiga cikin ramukan kaushin sam, yana zama ne a kan ƙololuwa, iska tana ƙarƙashinsa, kamar mutumin da ya kwanta a kan allon kusoshi bai huje ba. Mafi yawan abin da ɗigon ke taɓawa iska ce, shi ya sa ba shi da abin kamawa.

Wannan ne abin da Barthlott da Neinhuis na Jami'ar Bonn a Jamus suka nuna a 1997 a kan ganyen lotus, tsiron ruwan nan na Asiya: ƙananan tuddai na 'yan maikromita (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a kansu kuma ƙananan ƙwayoyin kaki. Ganyen gwaza ma haka yake. Ki tsoma shi a ruwa, za ki ga yana walƙiya fari-fari, iskar da ta maƙale ce.

To ga inda gizo ke saƙar. Kusoshin nan dole su kasance sirara ƙwarai kafin su yi aiki, abin da ya yi siriri haka kuwa ba ya jure murza. Sun karye, ɗigon ya nutse cikin ramukan, ya koma yanayin Wenzel, sai ya manne fiye da yadda zai manne a abin da ba a yi wa komai ba. Ganye yana iya sake fitar da kakinsa. Fenti ba ya tsirowa.

Mai Sifana:
Ranka ya daɗe, ai ka gama mini aiki. Wato abin da ke sa shi aiki shi ne kuma ke kashe shi. Me ya rage a bincika?

Ɗan Lab:
Shi ɗin ne ya rage, Yaya. Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu abin da ya fito. Fentin bango na Lotusan ya shiga kasuwa a 1999. Gilashin taga mai wanke kansa, Pilkington Activ, ya fito a 2001, shi ta ɗaya ɓangaren ya bi: an yi masa siririn shafe na titaniyam dayoksaid, hasken rana ya sa ya farfasa dattin da ya manne, ruwan sama kuma ya baje a kai ya share maimakon ya bar ɗige-ɗige. Tushensa binciken su Fujishima ne a Japan. Wayar da kake rubuta mana wannan suka da ita, gilashinta yana da shafen da ke hana maiƙon yatsa kamawa. Apple ya sa irinsa a iPhone tun 2009.

Maganar murza kuma, a 2020 ayarin Xu Deng na ƙasar Sin da na Robin Ras na Jami'ar Aalto a Finland suka raba aikin gida biyu. Suka yi ƙananan ramuka masu katanga mai ƙarfi, suka cusa lallausan kaushin a ciki. In an goga, katangar ce ke shan gugar, na ciki bai taɓu ba. Wasu ma sun bar iskar gaba ɗaya. A 2011 ayarin Joanna Aizenberg a Harvard suka kwaikwayi tsiron tulu mai cin ƙwari, suka cika ramukan da mai, ruwa ya riƙa zamewa a kan mai maimakon iska.

Mai Sifana:
Shafen wayar tawa ya goge tuntuni. Man nan kuma na Harvard, in ya ƙare wa ke zuwa ya ƙara?

Ɗan Lab:
Babu. Shi ne matsalarsa, ruwan da ke wucewa yana tafiya da shi kaɗan-kaɗan. Ban ce an gama ba.

Mai Sifana:
Bari in ba ku misalin da ya fi ci mini rai, don a gabana yake kullum. Tashar wutar lantarki mai aiki da tururi, bayan tururin ya juya injin sai a sanyaya shi a kan bututai ya koma ruwa. In ya kwanta a bututun shimfiɗe, shi kansa ruwan ya zama bargo ya hana zafi wucewa. In ya fito ɗigo-ɗigo yana gangarewa, zafin da ke wucewa yana iya ninkawa sau da dama. An san wannan tun 1930, Ernst Schmidt da abokan aikinsa suka nuna. Yau kusan shekara ɗari. Je ka buɗe na'urar sanyaya tururi a kusan kowace tasha, shimfiɗen nan za ka tarar. Takardu kuwa an rubuta fiye da a ƙirga.

Baba Farfesa:
Wannan gaskiya ne, ba ni da ja. Dalilin kuma shi ne shafen dole ya zama siriri, kusan maikromita ɗaya ko ƙasa, domin irin waɗannan sinadaran ba sa wuce da zafi, in ya yi kauri ya cinye ribar da aka samu. Sannan ana so wannan siririn abu ya yi shekaru cikin tururi bai ɓanɓare ba. Tururin yana samun 'yar ƙofa ya shiga ƙarƙashi, ya yi bororo, ya ɗaga shi.

Amma Mai Sifana, ni abin da kake kira hujjar guduwa shi nake kira wurin zama. Tambayar da ta yi shekara 90 tana jira, wadda kowa ya san amfaninta, ba yayi ba ce. Yayin shi ne a samo sabon ganye ko fiffiken ƙwaro, a kwaikwaya, a ɗauki hoton ɗigo a digiri 160, a buga takarda. Wannan kasuwar ta cika ta batse. 'Yata, in abin da malaminki ke yi ke nan, ki yi masa godiya ki nemi wani.

Anti Kemist:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma a ganina shi zai ciyar da masu shiga fagen yanzu. Yawancin shafen nan masu ƙin ruwa da mai, da sinadaran fulorin ake yin su, dangin PFAS. Tun da Roy Plunkett ya ci karo da Teflon a kamfanin DuPont a 1938 ake dogaro da su. Ƙarfin haɗin kabon da fulorin shi ke sa su yi aiki, shi ne kuma ke hana su ruɓewa, suna taruwa a ruwa da jinin mutane. Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya a kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, ta sa biyu daga cikin dangin a jerin abubuwan da aka taƙaita: PFOS a 2009, PFOA kuma a 2019. A ƙarshen 2022 kamfanin 3M ya sanar zai daina ƙera su kafin 2025 ta ƙare. A farkon 2023 Jamus da Holan da Denmak da Norway da Suwidin suka gabatar wa Tarayyar Turai buƙatar taƙaita dangin gaba ɗaya.

Korar ruwa ba tare da fulorin ba, da sauƙi, silikon da kaki suna yi. Mai ne ƙarfen ƙafa. Ƙarfin da ke dunƙule saman ruwa kusan 72 ne a ma'aunin da muke amfani da shi, na yawancin mai tsakanin 20 da 35, shi ya sa mai ke bajewa a kan kusan komai. A 2007 Tuteja da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa siffar kaushin tana taimakawa, in kan tudun ya fi gindinsa faɗi ya yi rumfa, mai yana iya rataya bai nutse ba. Amma ƙera irin wannan siffa a abu mai faɗin mita, da araha, ba a kai can ba. Masu yin rigunan ma'aikatan kashe gobara da kayan asibiti da takardar naɗe kaya duk suna neman mafita. Mai Sifana, wannan kam masana'anta ce ke bin jami'a, ba jami'a ke tallar hajarta ba.

Mai Sifana:
Hajiya, a nan na sauke sanda. Mu ma an fara aiko mana da takardun tambaya a kan abin da ke cikin fentinmu.

Autar Gida:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ba a gaya mini yadda rayuwar take ba. Ranar aiki ya take? Kuma in ɗakin binciken ba shi da manyan na'urori, ba ɓata lokaci ba ne?

Ɗan Lab:
Ranar aiki, rabinta wanke-wanke ne. Ki wanke gilashi da sinadari, ki busar, ki riƙe da hantsaki, domin tambarin yatsa ɗaya ya isa ya sauya kusurwar da digiri masu yawa. Ki bar gilashi mai tsabta a kan tebur ya kwana, gobe ya sha maiƙon da ke yawo a iska, sakamakonki ya sauya. Sai ki zauna gaban kyamara da sirinji, ki fito da ɗan mitsitsin ɗigo na maikrolita biyar. In shafen ya yi kyau, ɗigon ƙin sauka yake yi, ki saukar da allurar ya taɓa, ki ɗaga ya biyo ta. Ranar da kika fara ganin haka za ki yi ta dariya ke kaɗai.

Sannan kusurwa ɗaya ba ta faɗin komai. Dole ki riƙa ƙara wa ɗigon ruwa a hankali har gefensa ya fara gaba, ki auna, ki zuƙe har ya fara ja da baya, ki sake aunawa. Tazarar da ke tsakanin biyun ce ke gaya miki ko zai gangara. Furen wardi kusurwarsa ta kai 150, amma ki kifa shi, ɗigon na nan rataye bai faɗo ba. Wanda ya kawo miki lamba ɗaya ya ce shafensa na korar ruwa, bai gaya miki rabin labarin ba.

Baba Farfesa:
A kan na'urori kuma, ki san labarin Agnes Pockels. Bajamushiya ce a Braunschweig, ba ta samu shiga jami'a ba, tana gida tana jinyar iyayenta. Da ƙaramin kwamin kwano da ta haɗa da hannunta ta riƙa auna yadda datti da mai ke sauya saman ruwa. Ta rubuta wa Lord Rayleigh, babban masanin kimiyya na Ingila, wasiƙa, ya sa aka buga a mujallar Nature a 1891. A kan irin na'urarta Irving Langmuir ya ɗora nasa aikin, ya samu kyautar Nobel a 1932. Yau da kyamarar waya, da ƙaramin gilashin ƙara girma, da fitila a baya, da manhajar ImageJ wadda kyauta ce, ɗalibi yana auna kusurwa daidai gwargwado.

Ɗan Lab:
Baba, ka gafarce ni, a nan ba na tare da kai. Zamanin Pockels ya wuce. In kusurwa ta haura 150, kuskuren fiksel ɗaya, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta a hoto, wajen sa layin da ɗigon ke zaune a kai yana sauya sakamako da digiri da dama, su Ras sun rubuta a kai. Ɗigon da ya faɗo ya yi tsalle kuma, zamansa a saman abin kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na daƙiƙa. David Quéré da abokan aikinsa a Paris sun nuna a 2002 cewa wannan lokacin ba ya ma sauyawa da saurin faɗowar. Wayar da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, biyu ko uku za ta kama. Kuma babu mujallar kirki da za ta karɓi takarda a kan kaushi ba tare da hoton madubin ilaktiron, na'urar da ke nuna ƙananan tuddan nan, ba. Kada mu yaudare ta.

Baba Farfesa:
Ɗana, ba mallaka ake buƙata ba, hanya ake buƙata. Madubin ilaktiron ko a manyan jami'o'i na kowa da kowa ne, layi ake bi. Abin da nake nufi shi ne tambayar da ta fi muhimmanci ba ta fi tsada ba. A yi shafe, a ajiye a rana da ƙura da raɓa, a riƙa aunawa wata bayan wata har shekara ta zagayo, a rubuta yadda ya mutu da abin da ya kashe shi. Faifan sola da ƙura ke rage wa ƙarfi yana jiran irin wannan aikin. Ba a cika yi ba don ba ya fitar da takarda da wuri, ɗalibi kuma yana son gamawa.

Nan ne zan gaya mata ɗacin sana'ar. Digirin zai ci shekara uku zuwa biyar. Bayansa yawanci kwantiragin bincike ne na shekara ɗaya zuwa uku, wani bayan wani, sau da yawa a gari ko ƙasa dabam, kujerun dindindin kuwa ba su kai yawan masu nema ba. In kin samu kujerar, sirinjin zai bar hannunki. Za ki koma koyarwa, da duba takardun jarrabawa, da rubuta neman tallafin da akasari ba a bayarwa. Ma'aunin da za a auna ki da shi kuma yawan takardu ne, shi ke tura mutane ga hoton digiri 160 ɗin nan. Sai mai taurin kai ke tsayawa a kan tambayar da ke cin lokaci.

Na Gefe:
To in haka ne ta tafi wajen Mai Sifana kawai ta huta.

Mai Sifana:
Zan ɗauke ta da gudu, amma da sharaɗi. Masu digirin digirgir da ke zuwa mana, wasu sun san lissafin Cassie ciki da waje, amma ba su taɓa tsaga fenti da reza sun manna salatif sun fizge don su ga ko ya kama ba. Ba su san akwatin feshin gishiri da ake gwada tsatsa da shi ba, ba su san na'urar guga ta Taber da ake gwada jure murza da ita ba. Ƙanwata, in za ki yi, ki sa waɗannan a cikin aikinki tun shekarar farko. Jami'a ta riƙa binciken abin da muke buƙata, shi ke nan rigima ta ƙare.

Anti Kemist:
A'a, ban da wannan. In jami'a ta tsaya kan abin da kuka nema kawai, ta zama ɗakin gwajinku. A 1997 Robert Deegan da abokan aikinsa a Jami'ar Shikago suka tambayi me ya sa ɗigon da ke ɗauke da gari, in ya bushe, yake barin zobe mai duhu a gefe maimakon tabo bai ɗaya. Amsar ita ce gefen ɗigon yana kafewa a wuri ɗaya, ruwa ya fi saurin ƙafewa a can, na tsakiya ya riƙa kwarara zuwa gefe yana jan garin. Wane manaja ne zai biya kuɗin wannan tambayar? Yau masu buga da'irar lantarki da tawada da masu gwajin jini a ɗigo ɗaya duk da zoben nan suke fama, takardar kuma ita suke buɗewa. Ana buƙatar masu reza da salatif, ana kuma buƙatar wanda za a ƙyale ya zauna ya kalli tabo.

Auta, in kin koma wurin malamin, ki nemi ganin takardunsa na baya-bayan nan. Duba ko yana kawo kusurwa biyun da Ɗan Lab ya faɗa, ko akwai gwajin guga a ciki, da kuma ko har yanzu fulorin yake zubawa. Ki kuma nemi ɗalibansa da suka gama, ki ji inda suke, ba a gabansa ba.

Ɗan Lab:
Yaya, tunda kana da akwatin gishirin, ina da wasu faranti na alminiyam da na yi wa shafen silika marar fulorin. Zan aiko maka ka saka.

Mai Sifana:
Aiko. Ruwan gishiri kashi 5 cikin ɗari, zafi digiri 35, dare da rana, kamar yadda ƙa'idar ASTM B117 ta ce. Amma zan tsaga kowanne da reza kafin in saka, kuma zan ajiye farantin da aka yi wa ifoksi zalla a gefensu.

Ɗan Lab:
Na yarda. Ka rufe mini gefunan da kaki dai, ta nan gishirin zai fara shiga, ba shi nake so mu auna ba. Kuma ka riƙa ciro ɗaya-ɗaya kana ɗauraye shi kana ɗiga ruwa, kada ka jira sai ƙarshe.